Tabarmin da Na Naɗe

Ke Auta, na san ke ce. Babu mai taɓa akwatin ɗinkina a gidan nan sai ke. Rufe littafin nan ki mayar da shi ƙarƙashin zare inda kika ɗauko shi. Yarinyar da ta saba karanta abin da ba ita aka rubuta wa ba, gobe ita ce za a kama tana laɓe a bayan ƙofar mutane. In kuma kin yi taurin kai kin ci gaba, abin da kika gani ya tsaya a cikinki. Kada in ji shi a bakin yayanki.

Lahadi, 5 ga Mayu

Yau na je na ga abin da Babba yake kira coci.

Can bayan masana'antar bulo ne, unguwar baƙin nan da suka sauko daga duwatsu neman aiki. Wurin da babbar cocinmu ta tura shi bishara ke nan. Tsohon shagon ajiye siminti. An share, an yi fenti, wannan kam ba laifi. Amma babu benci ko ɗaya. Babu mimbari. Takalma jibge a bakin ƙofa kamar na sayarwa. Mutane zazzaune a ƙasa sun yi da'ira a kan tabarmi, kowace da irin launinta, wata ma ta tsufa har bakinta ya zare. Ɗana na fari kuma, wanda ya yi shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, yana zaune a cikinsu ƙafa ba takalmi yana wa'azi, sai ka ce mai sayar da albasa.

Waƙar ma. Kalmomin namu ne aka juya zuwa yarensu, amma muryar ba tamu ba ce. Wata tsohuwa ce ke bayarwa suna amsawa, tana dukan bakin tulu da tafin hannu. Na riƙe littafin waƙoƙina a buɗe har aka gama ban sami inda zan shiga ba.

Ban cire takalmina ba. Matar Babba ta aro mini kujerar roba a maƙwabta, na zauna a bakin ƙofa, jakata a cinya, ni kaɗai a sama.

Ni da nake tsare yarana duk yammacin Asabar sai kowa ya goge takalminsa. Dokar gidan nan ce tun suna ƙanana: ba a zuwa gaban Ubangiji da takalmi mai ƙura. Ashe zai girma ya je ba takalmin ma ɗungurungum.

Litinin, 6 ga Mayu

Na ba Baban Babba labari. Wai, “To ai ya rage miki sayen man takalmi.” Ban yi dariya ba. Mutumin nan komai wasa ne a wurinsa.

Laraba, 8 ga Mayu

Babba ya zo cin abinci kamar yadda ya saba duk Laraba. Na bari ya wanke hannu tukuna.

Na ce masa Turawan mishan da suka kawo wa kakansa bishara ba su bar shi a ƙasa ba. Ɗaga shi suka yi, suka koya masa tsabta da zama irin na mutane. Ya ce, “Mama, a wurin mutanen nan wanda ya tsaya a kan dattijo yana magana, faɗa yake yi masa. Benci kuwa ba su san shi ba sai a ofis, inda ake ajiye su su wuni suna jira.” Ya ƙara da cewa wai Yesu ma a kan ciyawa ya zaunar da taro ya ciyar da su. Na ce kada ya kuskura ya jawo mini aya, ni na koya masa ita yana tsaye a gaban murhu.

Sai ya faɗi abin da ya fi damuna. Dattawan babbar coci za su zo Lahadin ƙarshen wata su duba wurin. In sun ga bai kama ba za su rufe, su mayar da shi ofis yana buga takardu. Na san dattawan nan tun muna matasa. Su leƙa su ga mutane baje a ƙasa ana dukan tulu? Kafin a ce amin sun rufe.

Ya fara cewa, “Kuma tabarmin nan da kika gani, Mama, kowace ɗaya…” Na ce ya ci abincinsa kafin ya huce. Na ji isasshe.

Alhamis, 9 ga Mayu

A zumuntar mata, Uwar Zumunta ta ce a gaban kowa, “Maman Babba, an ce a cocin ɗanki kafinta ba shi da ciniki.” Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma kunnuwana zafi suke.

Muna fita na tuna da tsofaffin bencinan da ke jibge a sito bayan ajin yara. Ƙura kawai suke sha.

Talata, 14 ga Mayu

Uwar Zumunta ta ce in kwashe, aikin Allah ne. Uwa ba ta zuba ido ɗanta ya faɗi a gaban manya. Wata rana zai gode mini.

Asabar, 18 ga Mayu

An gama, na gaji, amma raina fes.

Babba yana taron masu bishara, sai gobe da safe zai dawo kai tsaye wurin sujada. Na ce wa matarsa ina so in je in share musu wurin. Ta miƙo mini makulli da hannu biyu tana ta godiya. Ba ƙarya na yi ba. Na share.

Mai a-kori-kura ya kawo bencinan, ni da Auta muka wanke su da sabulu, muka jera layi-layi da hanya a tsakiya. Tebur a gaba, na shimfiɗa masa farin ƙyallen da na yi wa ado da hannuna. Yanzu ko wa ya leƙa ya san gidan Allah ne.

Tabarmin kuwa ban wulaƙanta su ba. Na kakkaɓe kowace, na naɗe ta tsaf, na ɗaure da igiya, na jingine su a jere a jikin bango daga waje, kowa ya zo ya ɗauki tasa ya kai gida ta yi masa amfani. Matan unguwar suka tsaya da bokitansu suna kallo, wata har da rufe baki da hannu. Na ɗaga musu hannu. Wata ta zo ta ɗauki tata ta wuce, ko sannu. Tarbiyya dai sai a hankali.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na riga kowa zuwa, na sa zanen da nake ajiyewa don manyan ranaku. Tabarmin duk an kwashe sai guda ɗaya, tsohuwar nan mai zararren baki, tana jingine ruwan sama ya jiƙa ta. Babba ya sauko daga mota da jakarsa. Ya kalli bango. Ya leƙa ciki. Ya daɗe bai juyo ba.

“Mama, ina tabarmin?”

Na ce na fitar musu da su waje, a naɗe, a tsabtace. Ya ajiye jakar a ƙasa a hankali kamar mai ƙwai a ciki.

Babu wanda ya zo. Ko yaro. Muna jin unguwar tana harkarta, ana daka, ana kiran yara, amma ƙofarmu ko inuwa ba ta gitta ba. Ni da Auta da matar Babba muka zauna a bencin gaba. Ya tsaya a bayan teburin, da takalminsa a goge, ya yi wa'azi a tsaye. Muka rera waƙa daga littafi da muryar da na sani. Duk abin da na roƙa na samu.

Matarsa ce ta gaya mini bayan an tashi, idonta a ƙasa. Ta ce mutanen unguwar ba sa rubuta suna a shiga coci. Wanda ya amince a ransa, tabarmar ɗakinsa yake ɗaukowa ya shimfiɗa a wurin ya bar ta, shi ne ya ce nan ma gidana ne. A can garuruwansu kuwa, in aka naɗe tabarmar mutum aka jingine masa a waje, an sallame shi ke nan. Ba a faɗa da baki, shi ma ba ya tambayar dalili, ɗauka yake ya tafi. Ta ce akwai wani mai aikin gasa bulo da ya yi wata da watanni yana tsayawa a taga yana saurare, sai kwanan nan ya kawo tasa.

Kuma na ɗaure su da igiya. Na ɗaga musu hannu.

Litinin, 20 ga Mayu

Abinci bai shiga ba. Ina jin gishiri ne ya yi yawa.

Talata, 21 ga Mayu

To amma wa zai sani? A ina aka taɓa jin tabarma ta zama rajista? Mutum in yana da irin wannan ƙa'ida ai sai ya faɗa. Na gaya wa Baban Babba haka, na ce laifin yaron ne da bai yi mini bayani ba.

Ya sauke rediyonsa. Ya ce, “Ya fara. Kika ce ya ci abincinsa. Ina wurin.”

Wannan karon bai yi wasa ba. Da ma ya yi.

Laraba, 22 ga Mayu

Babba bai zo ba. Na ajiye masa nasa a rufe har ya sandare.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ban je zumunta ba, na aika cewa gwiwa ce. Gidan Babba na je.

Ya rame a kwana kaɗan. Tun Litinin yake bin mutanen unguwar gida-gida. Suna karɓarsa da mutunci, su ba shi ruwa, a yi hirar aiki da ta damina, ya tashi su raka shi. Maganar coci ko uffan. Matarsa ta ce abin da suka ɗauka shi ne manya za su zo, ya ji kunyar a gan shi da su, ya kasa korarsu da kansa, sai ya turo uwarsa.

Na ce, “To ka gaya musu mana ba da saninka aka yi ba!”

Ya ce, “In tsaya a gaban mutane in ce uwata ta yi ɓarna? Ba haka kika rene ni ba, Mama.”

Babu zafi a muryarsa. Shi ya fi ciwo. Na yi shekaru ina cusa musu cewa ba a tona asirin iyaye a waje, ga shi ya riƙe, kuma riƙon ne zai cinye masa aikinsa. Lahadin nan dattawa za su zo su sami benci a jere babu kowa a kai.

Na tambaya ko wace ce mai tabarmar da aka bari a bango. Ta tsohuwar nan ce mai ba da waƙa, tsintsiya take ɗaurawa tana sayarwa. Ita ta fara kawo tabarma a wurin. Wai ta ce ba za ta ɗauka ba, wadda ta naɗe ta san inda za ta kai.

Na ɗauko ta na kawo gida na shanya. Auta ta buɗe baki, na ce ta rufe.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ubangiji, ka ga abin da na gani yau.

Matar Babba ta raka ni. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai gajeriyar ƙofa, sai an sunkuya. Tsohuwar tana zaune a ƙasa, zaren tsintsiya a bakinta. Na tsaya da tabarmarta a hammata. Surukata ta zare silifas ɗinta ta kalle ni. Na cire takalmina.

Safar da nake sawa don takalmin yana cizona, ashe ta huje. Babban yatsana a waje tsirara, yana kallon kowa. Ni. Ni da nake duba faratan yara kafin a fita.

Tsohuwar ta kalli yatsan, ta kalle ni, ta tofar da zaren. “Ashe shi ya sa ba kya cirewa, uwar Malami. Mu muna cewa girman kai ne.”

Na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara kowa ya ji. Ta nuna wadda take zaune a kai, “Ko wannan ma kin zo naɗewa? Bari in tashi.”

Na shirya jawabi tun daga gida, har da aya. Babu ko ɗaya da ya fito. Abin da na iya cewa kawai, “Ni na yi. Bai sani ba.”

Ta ce sun san ni ce, ai an gan ni ina ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Abin da ba su sani ba, ko shi ya aiko ni. Sai bakina ya riga ni, na ce yaron da na haifa bai isa ya aike ni ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ma nata haka, manya-manyan maza, amma in ta yi tsawa sai su nemi hanyar fita.

Daga nan ta daina dariya. Ta ce ita tsohuwa ce, an sha jingine mata tabarma, a gidan miji, a gidan haya, har a wurin 'yan'uwa. Ta ɗauka a ɗakin Yesu ba a yi. Ban ɗago kaina ba.

Ta ce magana ba ta gyarawa. Hannun da ya naɗe shi zai je ya karɓo ya shimfiɗa, gida-gida, wanda ya ga dama ya bayar. Na ce zan yi. Ta ce, “Ke kuma ina taki? In kin gama shimfiɗa wa mutane sai ki koma kan kujerar roba kina kallon ƙeyarmu?” Na ce ina da cocina, ina da wurin zamana tun kafin a haifi Malamin nasu. Ta ce, “To.” Ta mayar da zaren bakinta.

Wannan “to” ɗin ya biyo ni har gida.

Asabar, 25 ga Mayu

Mai a-kori-kurar nan dai ya dawo kwashe bencinan. “Mama, makon jiya shiga, yau fita? Ko dai ba su yi daidai da masu zaman ba?” Na ce ya yi aikinsa. Uwar Zumunta ta ga ana saukewa a sito, ta ce, “A'a, har an ƙoshi?” Na gaishe ta na wuce.

Sauran wunin a unguwar na yi shi. Kowace ƙofa in cire takalmi, in durƙusa, in maimaita kalmomin nan. Na ɗauka in an yi ta faɗa za su yi sauƙi. Ba sa yi. Wasu suka miƙo ba tare da sun dube ni ba. Wata ta bar ni a durƙushe ta gama wanke-wankenta tukuna. Wata kuma ta kama hannuna ta tashe ni tana cewa ya isa, uwa, ya isa, wannan ce ta kusa sa ni kuka a gaban mutane.

Mai gasa bulon ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi. Ya ce tabarmar yanzu yaransa ke kwana a kai. Ya raka ni bakin hanya.

Da na zo shimfiɗawa ma ban iya ba. Ashe kowace da inda take zama. Tsohuwar ta zauna a bakin ƙofa tana nuna mini da kan tsintsiya, “Ba nan ba. Ja ta can. Ke dai makarantar da kika yi ba a koya muku komai ba.” Na haɗiye.

Farin ƙyallena na naɗe na sa a jaka.

Lahadi, 26 ga Mayu

Kusan rabi suka dawo. Babba ya zo ya ga takalma a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallonsu kamar bai taɓa ganin takalmi ba. Da ya shigo ya gan ni a ƙasa sai ya kawar da kai da sauri. Gara da ya yi hakan.

Tabarmar da Baban Babba ke kwanciya a kai lokacin zafi na ɗauko. Don gwiwata ce, siminti da sanyi.

Ana cikin waƙa dattawan suka iso da kwat da littattafansu, suka tsaya cirko-cirko a ƙofa suna neman wurin zama. Babbansu ya hango ni. “Maman Babba? Ke ce a ƙasa?” Na ga wata ta fara kai hannu gefen tabarmarta. Ban san lokacin da muryar da nake yi wa yara ta fito ba. Na ce, “Dattijo, ku cire takalma ku zauna, kuna tsaye a kan mutane.” Suka kalli juna. Suka cire. Na matsa musu a tawa.

Bayan an tashi sun daɗe da Babba a waje. Ba su rufe ba. Sun ce mutanen sun yi kaɗan, za su sake zuwa bayan damina. Ni na san dalilin kaɗan ɗin, shi ma ya sani, bai faɗa musu ba. Ni na bi babban nasu har mota na faɗa. Ya ce, “Ke?” Na ce ni.

Ɗazu kuwa da aka gama sujada, tashi daga ƙasa ya gagare ni, sai da tsohuwar ta ja ni, ita da ta girme ni nesa ba kusa ba. Wai in rage cin mai.

Na yi ta duban taga. Mai gasa bulon bai zo ba. An bar masa gurbinsa, siminti tsirara tsakanin tabarmi biyu, kuma daidai inda nake fuskanta ne.

Laraba, 29 ga Mayu

Babba ya zo. Ya ci, ya ƙara. Ya yi ta bayanin yadda suke so su yi baftisma a rafi maimakon kwamin ruwa na babbar coci. Ina da abin cewa. Abincinsa ya huce yana magana, na bar shi.

Asabar, 1 ga Yuni

Baban Babba yana ta neman tabarmarsa. Na ce tana can. Ya ce a ɗauko mana. Na ce nauyi gare ta, kuma motar haya ba ta son kaya, ya sayi wata. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Wai an ce wanda ya bar tasa a wurin…” Na ce ya ji da rediyonsa.

Ba wai na koma can ba ne. Wurina a babbar coci yana nan. Sai dai dole wani ya riƙa leƙa yaron nan, kuma waƙar tasu in ba a sa ido ba jan ta suke yi. Amshin ba wuya ashe, jiya na tsinci kaina ina yi a kan wanki. Gobe in an tashi zan sake biyawa ta gidan mai gasa bulo. Gaisuwa ce kawai.

Na tara mutanen gidan nan da yamma na faɗa musu, bari in rubuta don kada wani ya ce bai ji ba. Dokar goge takalmi tana nan, babu abin da ya canja. Ƙari ne kawai: daga yau a gidan nan, abin da ba kai ka shimfiɗa ba ba ka naɗe shi sai ka tambayi mai shi, ka kuma tsaya ka ji amsar har ƙarshe, babba da yaro. Kuma duk yammacin Asabar, bayan takalmi, kowa ya kawo mini safarsa in duba. Auta, tunda na san har nan kin kawo, taki ta hagu ta huje a dunduniya. Allura tana cikin akwatin da kike riƙe.